Me ya sa barin sigari yake yi wa mazan ƙasar Sin wuya haka?

Duk wanda ya taɓa zuwa Guangzhou ko Yiwu sarin kaya zai baka labarin nan. Kana shiga ofis ɗin mai kamfani, kafin ma a kawo shayin nan nasu na ƴan mitsi-mitsin kofuna, sai kaga mutum ya zaro kwalin sigari ya buɗe ya miƙo maka, kace baka sha, yayi murmushi ya ƙara miƙowa, wani ma har sau uku kafin ya haƙura ya kunna nasa. Mutanenmu da yawa abun yana ɓata musu rai, suna ganin kamar rashin ta-ido ne, to amma a wurinsa goro ya baka. Yadda Bahaushe zai fasa goro ya miƙa wa baƙo ɓari kafin a shiga magana, haka Basine yake yi da karan sigari, kuma idan baka fahimci wannan ba duk lissafin da zan kawo a ƙasa ba zai zauna maka daidai ba.

Bari mu fara da girman abun tukuna. Masu shan sigari a ƙasar Sin sun haura mutum miliyan 300, wato ka tattara Najeriya da Nijar kaf, yara da manya, maza da mata, har yanzu basu kai yawan masu busa hayaki a can ba. A shekara ana yin kara sama da tiriliyan 2.4 a ƙasar, kuma kusan duka a cikin gida ake zuƙe su, sama da kashi 40 cikin 100 na sigarin duniya kenan a ƙasa ɗaya. Binciken da hukumar daƙile cututtuka ta ƙasar tayi a 2018 ya nuna kashi 26.6 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 15 zuwa sama suna sha. In ka tsaya a nan sai kace ai da sauƙi, ɗaya cikin huɗu ne. Amma raba shi biyu ka gani: maza kashi 50.5, mata kashi 2.1. Rabin mazan ƙasar kenan cur, mata kuwa kusan babu. Matsakaicin mai sha yana ƙona kara 16 a rana.

Maganar matan nan ma abun lura ce, domin ba haka take da can ba. Matan da aka haifa wajen 1930 kusan ɗaya cikin goma na sha, musamman a arewa maso gabas inda tsofaffin mata ke zama da dogon lofe, amma cikin waɗanda aka haifa wajen 1960 abun ya faɗo zuwa kusan ɗaya cikin ɗari, saboda al'umma ta koma kallon mace mai sigari a matsayin marar kamun kai. Wato dai kallon mutane shi ya raba mata da taba ba doka ba, kuma kallon mutanen ne dai yake riƙe da maza a cikinta. Sai dai matan basu tsira ba, domin binciken 2018 ɗin ya ce kashi 68.1 na waɗanda basa sha suna shaƙar hayaƙin wasu, a gida da wurin aiki da gidan abinci, kuma ana ƙiyasta mutum kusan 100,000 ke mutuwa duk shekara daga hayaƙin da ba su suka kunna ba. Mace bata taɓa sa kara a baki ba amma shekara talatin tana kwana ɗaki ɗaya da mai shan kwali guda a rana, wallahi wannan ɓangaren yafi komai taɓa min zuciya.

Tarihin ba sai mun daɗe a kansa ba. Taba ta shigo ƙasar ne a ƙarshen zamanin daular Ming ta hannun ƴan kasuwar teku, har sarki na ƙarshe na daular ya taɓa haramta ta, bata hanu ba. Sigarin inji kuwa kamfanin British American Tobacco ne ya baza shi tun daga 1902, da talla har ƙauyuka, sannan bayan juyin juya halin 1949 kamfanonin waje suka tattara nasu ya nasu, gwamnati ta karɓe harkar. Tsohon shugaban ƙasar Mao Zedong mashayi ne na gaske, Deng Xiaoping da ya jagoranci ƙasar daga baya ma haka, sigarinsa mai suna Panda kowa ya sanshi da shi, kuma har gobe in ka yi wa dattijon Basine maganar illa sai ya tuna maka cewa Mao ya kai 82, Deng ya kai 92. Ko a nan gida mun san irin wannan hujjar, kowa yana da wani tsoho ɗaya da yake kafa misali da shi, miliyoyin da suka tafi a shekara hamsin da ƴan kai kuwa ba mai ambatonsu.

Toh yanzu mu dawo kan goron, domin a nan gizo yake saƙar. Suna da kalma ta musamman, jing yan, wato miƙa sigari don girmamawa. Yana da ƙa'idoji. Ana fara miƙa wa babba, ƙarami shi yake kunna wa na gaba da shi, wanda ake kunna wa zai kare wutar da tafin hannunsa sannan ya ɗan taɓa hannun mai kunnawa alamar godiya. Ba a zaro kara ɗaya a sha a gaban mutane ba tare da an zagaya da kwalin ba, rowa ce ƙarara. Suna ma da karin magana cewa taba da giya basu san gidan wane da gidan wane ba, ma'ana ta kowa ce. Wani karin maganar kuma yana cewa kara ɗaya bayan cin abinci yafi zama waliyyi daɗi. A wajen biki akwai sigarin aure na musamman da ake jerawa kan kowane tebur, yawanci mai jan kwali irin Shuangxi wanda ma'anar sunansa farin ciki biyu, kuma a wurare da yawa amarya da kanta take zagayawa tana kunna wa baƙi maza. Wajen makoki ma ana rabawa. Saurayi zai je gaishe da surukinsa a bikin sabuwar shekara, katan biyu na sigari da kwalba biyu na giya sune kayan gaisuwa, in yazo hannu rabbana an gama karanta shi. Mai gyaran famfo, direba, mai gadi, ma'aikacin da takardarka ke kan teburinsa, kowa da karansa ake buɗe bakinsa. Har wasa da kalma suke yi, domin kalmar nazari a yarensu, yanjiu, tana kama da kalmar taba da giya a furuci, don haka idan jami'i yace bari mu yi nazarin maganarka, mai buƙata ya san abun da ake nufi.

Kuma irin kwalin da ka zaro shi yake faɗin ko kai waye. Akwai na yuan 5 (yuan shine kuɗin ƙasar) da leburori ke sha, akwai Zhonghua mai jan kwali da hoton ƙofar Tiananmen a jiki wanda shine na manya da na kyauta, akwai masu kaiwa yuan 100 kwali ɗaya. Wasu mazan kwali biyu suke yawo da shi, mai araha na kansu a aljihu ɗaya, mai tsada na baƙi a ɗayan. A ƙarshen 2008 an ɗauki hoton wani jami'in gidaje a birnin Nanjing mai suna Zhou Jiugeng yana taro da kwalin sigarin da katan ɗinsa yake yuan 1,500 a gabansa, ƴan intanet suka ce albashinsa bai kai nan ba, suka yi ta tono, ƙarshe dai aka kama shi da cin hanci aka ɗaure shi shekara 11. Kwalin sigari ne ya fara tona shi.

Yanzu ka ɗauki mutum ɗan shekara 40 mai aikin tallan kayan kamfani, ya yanke shawarar ya bari. Shi ba nikotin kaɗai yake yaƙa ba, duk da cewa nikotin ɗin ma ba wasa bane, kwanakin farko da ciwon kai da rashin barci da saurin fushi da jin kamar an cire maka wani abu a jiki. Shi a yini ɗaya ana iya miƙo masa kara sau goma ko fi, daga ogansa, daga kwastoma, daga ƙanin babansa, kuma kowane ƙi da zai yi sai an fassara shi: ko yana ganin yafi mu ne, ko sigarina ne bai kai ba, ko matarsa ce ta mallake shi. Su suna da abun da suke kira fuska, mianzi, mu kuma muce mutunci ko girma, in babba ya miƙo maka ka mayar da hannunsa ka zubar masa da shi a gaban mutane. Shi yasa uzurin da yafi karɓuwa guda biyu ne, ko kace likita ya hana ka saboda ciwo, ko kace kuna neman haihuwa kai da matarka. Waɗannan ake ɗaga wa ƙafa. Amma kace kawai na ga dama ne na bari, sai an yi ta jan ka har ka karɓi ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa bari ya san kara ɗayan nan ita ce ƙofar komawa.

Wannan ɓangaren al'ada kenan. Ɗaya ɓangaren, wanda a ganina shine uwa uba, shine tambayar waye yake sayar da tabar. A yawancin ƙasashe kamfanonin sigari na ƴan kasuwa ne, gwamnati tana gefe tana sa musu doka da haraji. A ƙasar Sin gwamnati ce kamfanin. A 1982 aka kafa kamfanin taba na ƙasa, China National Tobacco Corporation, a 1984 aka kafa hukumar da zata sa ido kan harkar taba, kuma su biyun abu ɗaya ne, ofis ɗaya, shugaba ɗaya, allon suna ne kawai biyu a bakin ƙofa. Shi yake ba manomi adadin da zai noma, shi yake sayen ganyen, shi yake da masana'antun, shi yake ba ɗan tireda lasisin sayarwa. Babu kamfanin sigari a duniya da ya kama ƙafarsa. A 2022 harajin da ribar da harkar ta tara sun kai yuan tiriliyan 1.44, kasafin tsaron ƙasar na shekarar kuwa tiriliyan 1.45 ne, ka ga kusan kunnen doki. Abun da taba ke kawowa yana kai kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati. Akwai lardin Yunnan da yafi kowa noman taba, garin Yuxi ma da taba aka gina shi, can ne gidan sigarin nan nasu mai suna Hongtashan, kuma a irin waɗannan wuraren albashin malamai da titi da asibiti duk akwai kuɗin taba a ciki, gwamnan da zai ce a rage sha kamar yana cewa a rage masa kasafi ne.

Kuma abun yana fitowa fili wani lokacin ta hanyar da zaka riƙe baki. A 2009 ƙaramar hukumar Gong'an a lardin Hubei ta fitar da umarni cewa ma'aikatanta su sha kwali 230,000 na sigarin da ake yi a lardin a cikin shekara, ofis ɗin da bai cika nasa kaso ba a ci shi tara, duk don harajin ya zauna a gida. Sai da ƴan jarida suka yi caa sannan aka janye. Akwai makarantun firamare a karkara da kamfanonin taba suka gina aka sa musu sunan taba, ɗaya a lardin Sichuan har da rubutu a bango cewa hazaƙa daga ƙwazo take, taba kuma tana taimaka maka ka zama wani abu. Yara ƴan firamare ke wucewa ta gaban rubutun nan kullum. A 2011 kuma aka zaɓi wani mai binciken kamfanin taba, Xie Jianping, cikin majalisar manyan injiniyoyin ƙasar, ɗaya daga cikin manyan karramawar da masanin kimiyya zai samu a can, saboda aikinsa kan sigari mai ƙarancin kwalta, wato baƙin dattin nan mai danƙo da ke cikin hayaƙin taba. Likitoci da masana da yawa sun yi ta rubuta ƙorafi a cire shi, ba a cire ba.

Wannan maganar ta ƙarancin kwalta ku riƙe ta da kyau domin tana cikin manyan abubuwan da suke hana mutane bari. An daɗe ana tallata wa Sinawa cewa akwai sigari mai sauƙi, akwai wanda aka haɗa da tsirran maganin gargajiya irin su ginseng, yanzu kuma ga siraran karare da suka shigo yayi. Mutum ya fara tari, maimakon ya ajiye sai ya koma mai sauƙin, hankalinsa ya kwanta cewa ya ɗauki mataki. Alhali likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa ba wani sauƙi, mai sha yana ƙara zuƙa ne da ƙarfi ko ya ƙara yawan karan har jikinsa ya samu nikotin ɗin da ya saba. A binciken 2018 kashi 18.1 ne kawai suka san cewa ƙarancin kwalta ba ƙarancin illa bane. Kansar huhu mutane sun sani, sama da kashi 80, amma ciwon zuciya rabi ne kawai suka san sigari na kawo shi, shanyewar ɓarin jiki kashi 41, raunin mazakuta kuwa kashi 26. Ni a ganina da na ƙarshen nan aka fi yaɗawa da an fi samun masu saurare.

To ina zasu sani, tunda kwalin ma baya gaya musu? Ƙasar Sin ta amince da yarjejeniyar hana taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, ta fara aiki a kanta a farkon 2006, kuma ƙasashe sama da ɗari yanzu suna buga hoton ruɓaɓɓen huhu ko bakin da kansa ta cinye a jikin kwali. A can har yau rubutu ne kawai, cewa shan taba na cutar da lafiya, a ƙasan kwali mai ƙyalli da hoton dutse ko fure ko tsohon gini. Kuma sigarin nan dai nasu in za a kai shi Hong Kong ko wata ƙasa mai doka sai an buga masa hoton. Dalilin a fili yake, ba wanda zai kai wa surukinsa katan mai hoton ƙafar da aka yanke. Ranar da aka sa hoton nan, ranar sigari ya daina zama kayan kyauta, kuma masu sayarwa sun fi kowa sanin haka. Shekaru da yawa kwamitin da aka ɗora wa aiwatar da yarjejeniyar yana ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu ne, wadda ita ce uwar hukumar tabar, sai a 2018 aka mayar da jagorancin hannun hukumar lafiya, amma ƴan taba suna nan zaune a kwamitin. An ba kura ajiyar nama kenan. Yang Gonghuan, wadda ta taɓa zama mataimakiyar shugaban hukumar daƙile cututtuka, ta shafe shekaru tana faɗin cewa sai an raba mai sayarwa da mai sa ido kafin a ga wani abun kirki.

Farashi ma haka. A Mayun 2015 an ɗaga harajin sari daga kashi 5 zuwa 11, ciniki ya ɗan ja baya na shekara ɗaya zuwa biyu, daga nan ya ci gaba da hawa. Tun lokacin ba a sake wani babban ƙari ba, albashi kuma yana ta ƙaruwa, don haka sigari kullum ƙara araha yake a aljihun ma'aikaci. A 2018 rabin masu sha basa kashe sama da yuan 9.9 a kwali, kuɗin kwanon taliya ɗaya kenan a gefen titi.

Yanzu ga lissafin masu barin. A 2018 ɗin, cikin duk waɗanda suka taɓa zama mashaya, ɗaya cikin biyar ne ya bari. Waɗanda suka gwada bari a shekarar da ta gabata kashi 19.8, waɗanda suke da niyyar bari cikin wata 12 masu zuwa kashi 16.1. Juya shi ka gani, sama da mutum takwas cikin goma ko niyyar bari a cikin shekara basu ƙulla ba. Waɗanda suka gwada kuma kusan dukkansu da ƙarfin zuciya kawai suka yi, ba magani ba mai ba da shawara, kuma an san cewa mai yin haka cikin ɗari ƴan ƙalilan ne ke kai shekara basu koma ba. Ba wai babu taimakon bane. Tun 1996 asibitin Chaoyang a Beijing ya buɗe sashen taimaka wa masu son bari, na farko a ƙasar, yanzu akwai irinsa a asibitoci da yawa, akwai layin waya na 12320, akwai manhajoji a WeChat. Amma sau tari sai kaga ɗakin ba kowa, likita na zaune yana jira. Mutane basu ɗauki shan taba a matsayin ciwon da ake kai wa asibiti ba, suna ganin namiji in ya isa ai da kansa zai ajiye, zuwa wurin likita kamar amsa cewa kai rago ne. Ga shi kuma magungunan, irin su faci da cingam na nikotin da ƙwayar vareniklin, tsarin inshorar lafiya na ƙasa baya biya, daga aljihunka zaka saya, kuma kuɗin wata uku na magani yafi ƙarfin abun da mai shan sigarin yuan 10 yake ganin zai iya fitarwa lokaci ɗaya.

Su kansu likitocin fa? A binciken 2010 kusan kashi 40 na ma'aikatan lafiya maza suna sha. Ya ragu daga baya, amma ka yi tunanin likitan da ƴan uwan majiyyaci suka miƙa wa kwali don godiya ya karɓa, da wane baki zai ce wa majiyyacin ya bari. A 2018 cikin masu shan da suka je ganin likita, waɗanda aka ce musu su bari basu kai rabi ba.

Shi yasa mafi yawan masu bari a can sai ciwo ya kwantar da su suke bari, lokacin da aski ya riga ya zo gaban goshi. Wani babban bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2015, wanda masana daga jami'ar Oxford da na ƙasar Sin suka yi kan dubban ɗaruruwan mutane, ya nuna waɗanda suka bari don ra'ayin kansu tun suna da lafiya kashi 3 ne kacal a 1991, suka kai kashi 9 a 2006. Kuma ga abun da ya kamata kowane mai sha ya ji, ko a Shanghai yake ko a Sabon Gari: waɗannan da suka bari da ƙafarsu, bayan shekara goma haɗarinsu ya dawo kusan daidai da na wanda bai taɓa sha ba. Jiki yana gyara kansa in an bashi dama da wuri. Binciken dai ya ce taba ta kashe kusan mutum miliyan 1 a ƙasar a 2010, in ba a canza ba zai kai miliyan 2 a shekara wajen 2030, miliyan 3 wajen 2050, kuma kusan biyu cikin uku na samarin ƙasar suna fara sha, yawanci kafin su kai 20, rabinsu kuma ita zata yi ajalinsu in basu bari ba. Ɗaya cikin kowane samari uku kenan. A 2022 kaɗai an samu sabbin masu kansar huhu sama da miliyan 1, sama da 700,000 suka mutu da ita, sannan kusan mutum miliyan 100 na fama da ciwon toshewar hanyoyin numfashi, duk da cewa a nan gurɓatar iska da hayaƙin girki suma suna da nasu kason.

Wani abun mamaki, sigarin lantarki da ya cika duniya yanzu Basine ne ya ƙirƙiro shi, wani mai haɗa magunguna Hon Lik a 2003, shi kansa mashayi ne kuma kansar huhu ce ta kashe mahaifinsa. Yawancin na duniya a Shenzhen ake ƙera su. Amma a cikin gida bai samu wuri sosai ba, an hana sayar da shi ta intanet a 2019, aka miƙa kula da shi ga hukumar tabar nan dai, a 2022 aka hana duk wani ɗanɗano in ba na taba ba. Ni ba mai kare shi bane, yara da yawa ya jefa cikin nikotin a ƙasashe daban-daban, amma ba zan ƙi lura da cewa an yi saurin ɗaure wanda yake gasa da kamfanin gwamnati, shi kuwa asalin karan yana nan yadda yake.

Kada kuma in yi rashin adalci, abubuwa sun motsa. A ƙarshen 2013 an hana jami'an gwamnati shan taba a bainar jama'a da sayenta da kuɗin hukuma. Ranar 1 ga Yunin 2015 Beijing ta hana sha a duk wani rufaffen wurin jama'a, tarar mutum har yuan 200, ta mai wurin har 10,000, Shenzhen da Shanghai suka biyo baya a 2017, kuma a waɗannan biranen an ga bambanci, duk da cewa in dare yayi a ƙananan gidajen abinci sai a hankali. Jirgin ƙasa mai gudun tsiya ba a sha a ciki sam, shi yasa in ya tsaya tasha na minti biyu zaka ga maza sun yi tsalle sun fito suna zuƙa da sauri-sauri kafin ƙofa ta rufe. Matasan birni masu ilimi da yawa yanzu basa sha kuma basa jin kunyar cewa a'a. Akwai shari'ar da ta yi suna a birnin Zhengzhou, a 2017 wani likita ya yi wa wani dattijo magana ya daina shan taba a cikin lifta, suka ɗan yi cacar baki, jim kaɗan zuciyar dattijon ta buga ya rasu, iyalansa suka kai ƙara, kotun farko tace likitan ya biya yuan 15,000, amma a Janairun 2018 kotun sama ta soke, tace bai yi laifin komai ba, abun da ya yi haƙƙin ɗan ƙasa ne. Hukuncin nan ya ƙarfafa wa mutane da yawa gwiwar buɗe baki.

Alƙaluman ma sun sauka, daga kashi 28.1 a 2010 zuwa 26.6 a 2018, zuwa 24.1 a 2022. Gwamnati ta sa wa kanta burin kaiwa kashi 20 kafin 2030. Sai dai a daidai lokacin da kason masu sha yake raguwa, yawan karan da ake sayarwa ƙaruwa yake yi a ƴan shekarun nan, kuma raguwar tafi yawa a manyan birane, ƙauye da masu ƙaramin ƙarfi an barsu a baya. In kana so ka san ko matsalar a jinin Sinawa take, leƙa Hong Kong. Mutane iri ɗaya, bukukuwa iri ɗaya, surukai iri ɗaya, amma gwamnatin can bata sayar da taba, haraji kawai take karɓa, kwali ya kai wajen dalar Hong Kong 100, hoton gargaɗi ya cinye kashi 85 na jikinsa, ga wuraren taimakon masu bari kyauta. A farkon shekarun 1980 kashi 23 ke sha kullum, a 2023 ya dawo kashi 9.1.

A babban yankin ƙasar Sin kuwa, tun Nuwamban 2014 aka fitar da daftarin dokar ƙasa baki ɗaya don jin ra'ayin jama'a, wadda zata hana sha a duk rufaffen wurin jama'a daga Beijing har ƙauyen Yunnan, ta kuma sa hoton gargaɗi a rabin kwali. An yi ta jayayya a kanta, aka nemi a sassauta a bar wa gidajen abinci da ofisoshi ɗakin shan taba, masana lafiya suka ce basu yarda ba, daga nan maganar ta lafa. Shekara goma da ɗoriya kenan, daftarin bai zama doka ba.